Hoton Ɗan Fari

Makon jiya suka rushe tsohon rumbun da ke bayan ɗakina. Jikana ne ya kawo 'yan ƙwadago uku, wai zai fitar da shago ta wajen titi inda za a riƙa cajin waya. Ba wanda ya tambaye ni. Ina zaune a kan tabarma ina jin ƙarar diga, sai ga matarsa ta fito da waya a hannu, ta juya wa rumbun baya, ta turo baki gaba kamar mai hura wuta, ta ɗauki kanta hoto. Ta duba, bai yi mata ba, ta goge, ta sake. Na ƙirga har sau tara kafin na gaji. Daga baya ta zo ta nuna mini wata farar mace mai siririn hanci, ta ce ita ce. Na ce to, Allah ya sa mijinki ya gane ki. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Ba ta san cewa a cikin wannan tulin ƙasar da ta juya wa baya na yi shekara goma sha ɗaya ina wankin hoto ba, tun kakarta tana goye.

Ba yawan hoton ne ke ba ni haushi da yaran yanzu ba, rashin nauyinsa ne. Kowane sakarai da ya iya danna yatsa ya zama mai hoto. Su ɗauki tuwo, su ɗauki takalmi, su ɗauki gawa a makara ana tafiya da ita, gobe waya ta faɗa rijiya su ce ai ba komai. A zamaninmu, tun Turawa ba su naɗe kayansu ba, mutum yakan yi wata guda yana shawara da zuciyarsa kafin ya tsaya gaban akwatin hoto. Ya yi aski, ya ari riga wurin maƙwabci, ya tsaya cak yana riƙe numfashi kamar an kai shi gaban alƙali. Da yawa sau ɗaya suka yi a duniya. Fim ɗaya mutum takwas yake ɗauka, ba ƙari, kuma in ya lalace ya lalace ke nan, babu gogewa babu sakewa.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Bebeji da Kwanar Dangora, kusa da hanya har mukan ji nishin motar gyaɗa idan ta kama tudu. Maigidana ya dawo daga soja da baƙin akwatin hoto da wani bargo mai kauri. Yakan ɗaure akwatin a bayan keke ya bi kasuwanni, Kiru, Kwanar Dangora, Tudun Wada, wani lokaci har Doguwa, ya kwana biyu ko uku a hanya. Ɗaukar hoto ya iya, ba zan rage masa ba. Amma wankin fim sai a duhun da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, shi kuwa tun da ya dawo daga yaƙi ba ya iya zama a rufaffen wuri mai duhu. Sau biyu ya gwada shiga rumbun nan, sau biyu yana fitowa sharkaf da gumi, yana haki kamar wanda kura ta koro. Bai taɓa faɗa mini abin da ya gani a can ba, ni ma ban tambaya ba. Wata rana, ina amarya 'yar wata bakwai, ya zaunar da ni a tsakar gida, ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya sa mini wani tsohon fim a hannu. Ya ce, "Warware, ki ji da yatsunki. Inda takarda ta ƙare santsi ya fara, nan mutane suke. Gefe kawai za ki riƙe, kada ki taɓa tsakiya." Kwana goma muna haka kafin ya yarda ya ba ni na gaske.

Aikin ba a cikin rumbu yake farawa ba, a bakin rijiya yake farawa. Ruwan da za a yi wanki da shi gobe, yau ake ɗibansa, a bar shi a randa ya kwanta, a tace da farin ƙyalle sau biyu, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya ja wa mutum zane a goshi. Langa uku gare ni waɗanda ko cokali ba ya shiga cikinsu. Ta farko ta maganin da ke fito da hoto ce, gari ne a ƙunshin takarda, in an dama shi sai ya yi kalar shayi marar ƙarfi. Ta biyu ruwa zalla. Ta uku ta wani abu ce mai kama da gishiri, shi ke tsayar da hoto kada haske ya ƙara taɓa shi, yana da tsami-tsamin da har yau in na rufe ido ina jinsa a maƙogwarona. Sai in hau tsani, in sauka cikin rumbun, a shimfiɗa bargon soja a bakinsa, a kifa jinka a kai. A nan ciki na fara sanin cewa gida yana da murya. Ina jin lugude daga gidan maƙwabta, ina jin kaza na kiran 'ya'yanta a gindin rumbun, ina jin tarin surukata, wadda muke kira Iya, ina jin almara da gulmar duk wanda ya ɗauka ba kowa a kusa. Yaran yanzu, ka ɗauke musu wuta minti biyar, sai ka ji suna kuka kamar an yi musu mutuwa. Ni a duhu na yi ƙuruciyata, ina zufa, hannuwana biyu cikin magani, ba mai fifita.

A waje kuwa duk duniya ta san maigidana ke ɗauka, shi ke wankewa. Iya ce ta kafa wannan doka. Takan ce mini, "Ke dai yi aikinki ki rufe bakinki. Ranar da mazan nan suka ji mace ce ke shafa musu fuska a cikin duhu, ba wanda zai sake tsayawa gaban akwatin." Na rufe bakina. Ban ji zafin haka ba a lokacin, ko in ce ban san ana jin zafinsa ba.

Akwai wan maigidana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Yaya nake ce masa. Ya taɓa yin wata biyar yana shara a wani kanti a Kano, aka sallame shi, ya dawo da tabarau marar magani da alƙalami a aljihun gaba wanda ban taɓa ganin tawada a cikinsa ba, ya ce daga yau a riƙa kiransa Akawu. A gona ba ya sunkuyawa, sai nuni da baki. Amma babu abin da bai sani ba. Keke ya lalace, shi zai faɗi dalili. Saniya ta ƙi kiwo, shi zai faɗi magani. Ya sha ganin fim ɗin da na wanke a rataye kan igiya, ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ga mutane baƙaƙe da fararen fuska, sai ya yanke wa kansa cewa haka suke fitowa daga cikin akwati. Nawa aikin, in ji shi, ɗauraya ce kawai, kamar ta kwanon tuwo. Irinsa suna nan har yau, sun ma fi da yawa, sai dai yanzu a waya suke zuba iliminsu.

Abin ya faru da damina. Maigidana ya je kasuwar Tudun Wada, mutum na bakwai da ya ɗauka a fim ɗin nan wani saurayi ne Bafulatani, daga wata ruga ta wajen Doguwa. Ya ba ni labarinsa da ya dawo, wai dogo ne, da sanda da malafa, abokansa suna ta yi masa tsiya shi kuma ya ƙi dariya. Saura gurbin mutum ɗaya a fim ɗin, maigidana kuwa ba ya ciro fim da saura. Ruwa ya tsare hanya, kasuwanni suka ƙi ci, fim ya yi kusan mako biyu a cikin akwati. Yaya da ma ya daɗe yana damun ƙanensa a ɗauke shi, sai aka ba shi gurbin ƙarshe. Ya aro agogo wurin wani tela, ya naɗe hannun riga don agogon ya fito, ya ɗora ƙafa a kan keken da ba nasa ba. Maigidana ya naɗe fim ɗin, ya lashi takardar ya manne bakinsa, ya sa a gwangwani a turakarsa. Washegari da asuba ya bi mota zuwa Kano sayen takardar buga hoto. Ya ce mini, "Rijiya ta gurɓace. Ki bari ruwa ya kwanta tukuna ki wanke."

Da hantsi ina tankaɗe a madafa na ji sallama. Bangon madafarmu shi ne bangon zaure, ba abin da za a faɗa a can ban ji ba. Fulani ne, maza biyu da wata dattijuwa. Bayan an gama doguwar gaisuwa, babban cikinsu ya ce shi baffan yaron nan ne mai malafa da aka ɗauka a Tudun Wada. Kwana uku bayan kasuwar, yaron yana ƙetarar da shanu, rafi ya cika ya tafi da shi. Sai washegari aka tsamo shi, aka yi masa sutura. Wannan dattijuwar ita ce uwarsa. Ta ce sai an raka ta wurin mai akwati, kwana uku suna tafe a ƙasa.

Na ji Yaya ya gyara murya. Ya yi musu ta'aziyya a gurguje, sannan ya ce, "Ai kun zo wurin da ya dace. Ƙanena ɗauka kawai yake yi, ilimin abin a wurina yake."

Ya shigo ya wuce ni, ya faɗa turakar ƙanensa, ya fito da fim a hannu. Na ajiye rariya na durƙusa a gabansa.

"Yaya, ba a wanke shi ba tukuna."

"Wa ya tambaye ki?"

"In aka buɗe shi haske zai ƙone shi, Yaya."

Ya zame tabarau ya dube ni ta samansa. "Haske? Ni da na zauna da Turawa, ke za ki koya wa haske? Koma kan garinki."

Ya shige zaure. Na tsaya jikin bango ina cewa ƙila nuna musu kawai zai yi daga waje. Sai na ji kyat, ya yage takardar da aka manne. Na ji ƙarar takarda tana warwaruwa. Na ji shi yana cewa, "Yanzu za ku ga ɗanku."

Tun ranar da aka kawo ni gidan ban taɓa taka zauren nan da rana ba, balle da baƙi maza a ciki. Ban san lokacin da na goge hannuna a zani ba, ban san lokacin da na shiga ba, ko mayafi babu. Na tarar ya ja fim ɗin ya kai kusan kamu ɗaya, ya ɗaga shi yana fuskantar ƙofa inda rana ke shigowa, ya ƙanƙance ido yana cewa, "Af, ai babu kowa a nan. Iska ya ɗauka." Na fizge shi daga hannunsa, na dunƙule, na cusa a hammata ƙarƙashin zani, na duƙa a kansa kamar kaza a kan ƙwai.

Mazan nan biyu suka sunkuyar da kai suna kallon tabarma. Dattijuwar kaɗai ta dube ni. Sai Yaya ya dawo cikin hayyacinsa ya fara ihu.

"Mace a zaure! A gaban baƙi! Daga hannuna! Wallahi yau a gidan ubanki za ki kwana!"

A duƙe na fita, a duƙe na ratsa tsakar gida. Iya ta ji komai. Na tarar ta riga ta jingina tsani jikin rumbu. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma zagi ɗanta ba, cewa kawai ta yi, "Hau. Ruwan randata ya kwana biyu, zan miƙo miki."

Ta miƙo langa uku ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa bargo, ta kifa jinka. Na zauna na jira idona ya tabbatar babu ko tsinken haske, sannan na ciro fim ɗin. Ya jiƙe da gumina ta wajen takarda. Na lalubo inda santsi ya fara, na raba shi da takardar, na kama ƙarshensa biyu, na tsoma a langar farko. Hannun dama ya sauka, na hagu ya hau, na hagu ya sauka, na dama ya hau, don magani ya taɓa ko'ina daidai. Ba ni da agogo. Da Ƙulhuwallahu nake awo, ƙafa arba'in in da sanyi, talatin in ana zafi. Ranar nan ban san me nake karantawa ba, baki na ƙirgawa, zuciya na lissafin wani abu dabam. Mutumin da aka ɗauka ƙarshe shi ke waje a naɗi, shi haske ke fara samu. Na takwas Yaya ne. Na bakwai yaron ne. Kamu ɗaya ya ja. Ko ya tsaya a na takwas, ko ya wuce. Daga waje ina jin muryarsa har yanzu, yana ba Fulanin labarin yadda ake tarbiyyar mata a gidajen mutunci.

Na ɗauraye a langa ta biyu, na tsoma a ta uku, na ba shi lokacinsa har da ƙari. Sannan na ƙwanƙwasa, Iya ta ɗaga gefen bargo. Na ɗaga fim ɗin yana ɗiga. Mutum shida na farko sun fito tsaf, har zanen hular wani ana gani. Na takwas baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na bakwai kuwa, daga ƙasa akwai ƙafafu, akwai gindin sanda, akwai hannu ɗaya. Daga ƙirji zuwa sama baƙin ya cinye.

Na canja masa ruwa sau bakwai kamar yadda aka saba, don lalacewar biyu ba ta sa a wulaƙanta shida. Na rataye shi a ɗakina. Ina cikin haka sai ga inuwar Yaya a bakin ƙofa. Fushinsa ya ɗan sauka, wani abu ya fi fushin ƙarfi.

"Ke. Nawa ya fito?"

"Naka ne ya fara ƙonewa, Yaya."

Ya yi salati, ya tafa hannu. "Na kuwa riga na mai da wa tela agogonsa!"

Bai tambayi na yaron ba. Ya koma zaure ya gaya wa mazan cewa in an ga wata tangarɗa, to fizgar da matar nan ta yi ce ta jawo.

Iya ta shigo da dattijuwar ɗakina. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura, ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Siririya ce, fuskarta a bushe, babu alamar hawaye, irin Fulanin da ke ganin kuka a gaban mutane abin kunya ne. Ta hangi fim ɗin a rataye, sai ta gyara zama ta ba shi baya.

"Yana ciki, 'yata?"

"Yana ciki, Dada. Sai ya bushe a buga shi a takarda. Da damina ba ya bushewa da wuri, sai gobe da safe."

Na so in ƙara, bakina ya ƙi. Ruwa ya fara yayyafi a kan jinka. Can sai ta fara magana, ba ni take kallo ba, ƙwaryar furar take kallo.

"Ɗan farina ne."

Na ce Allah ya ji ƙansa.

"Ban taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya shigo ruga, ni ƙasa nake kallo. In ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe. Haka aka yi mini, haka na yi masa. Damina ashirin da biyu." Ta juya ludayi a cikin ƙwarya. "Mutane suna cewa kyakkyawa ne. Wai da ƙanena yake kama. Ni ban sani ba. Da aka tsamo shi, maza suka ce kada mata su gani. Sai abokansa suka ce ai mai akwati ya ɗauke shi a kasuwa. Na ce to, wannan takarda ce. Babu kunya tsakanina da takarda. In shiga bukkata in ja ƙyaure, in kalle shi iya son raina."

Na tashi na ce zan duba tukunya. Babu tukunya a wuta. Na tsaya a madafa na sa bakin zani a bakina na cije.

Maigidana ya dawo bayan la'asar. Yaya ya tare shi tun a zaure, ya daɗe yana zuba. Da ya shigo ya wuce gaban igiya ya ɗaga fim ɗin ya daɗe yana kallo. Ya san aikinsa. Ya san fizga ba ta baƙanta fim, ya san hannun da ya yi wannan. Na tsaya ina jira in ji abin da tsohon soja zai ce. Ya sauke fim ɗin a hankali, ya ce, "Je ki ba Yaya haƙuri."

"Ni?"

"Ke kika shiga zaure."

"In ban shiga ba, duka takwas ɗin ne."

"Na sani. Je ki ba shi haƙuri."

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, gwiwoyina cikin laka. Ya bar ni a durƙushe ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya ce don albarkacin Iya ya yafe, amma a kiyaye gaba. Mutumin da aka ce ya ƙetare teku ya yi yaƙi, ya kasa faɗa wa wansa kalma ɗaya, ka yi kuskure. Na zauna da shi shekara talatin bayan wannan, na haifa masa 'ya'ya bakwai, na yi masa takaba. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma daga ranar nan in ana yabon jarumtarsa a gabana, tsakar gida nake sharewa. Masu cewa mazan da sun fi na yanzu, ba su durƙusa a lakar da na durƙusa ba. Duk ɗaya suke, na da dai sun fi iya naɗa rawani.

Da gari ya waye fim ya bushe. Na koma rumbu da fitila naɗe da jan ƙyalle ninki huɗu, don takardar hoto ba ta tsoron jan haske. Na ɗora fim a kan takarda, na danne da gilashi, Iya ta ɗaga gefen bargo na ƙirga biyar ta rufe. Na tsoma takardar a magani ina girgiza langa. Ƙafafu suka fara tasowa, dogaye, cikin takalmin fata, da tabon ƙaya a ƙwaurin hagu. Sai gindin sanda. Sai hannun da ke riƙe da ita, da zoben ƙarfe a ƙaramin yatsa. Sai gefen riga. Na ci gaba da girgizawa ina jira. Daga ƙirji zuwa sama takardar ta tsaya fara fat.

Na ɗauko wata takardar. Na rufe ƙafafun da tafin hannuna, na sa Iya ta bar haske ya daɗe a kan saman, na ƙirga hamsin. Toka-toka kawai ya yi. Na ɗauko ta uku, na ƙirga ɗari biyu, har hannuna ya yi sanyi. Babu ido, babu hanci, ko bakin malafar bai fito ba. Ba abin da ya rage a wurin da za a fito da shi. Na wanke ta farkon, na shanya ta a kan faifai, na kai wa Dada da hannu biyu.

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallon farin wurin.

"In aka ƙara wankewa ba zai fito ba?"

"Ba zai fito ba, Dada. Haske ya cinye shi."

Ba ta tambaye ni wa ya yi ba. Tana zaure aka yi, da idonta ta gani. Ta sauke kallonta ƙasan takardar, ta sa yatsa kusa da tabon ƙwaurin ba tare da ta taɓa ba.

"Wannan ƙaya ce ta soke shi yana shekara tara. Daga nesa na ga jinin, ban je ba." Ta matso da takardar kusa da idonta. "Ƙafafunsa ne. Su da ma na sani."

Ta naɗe hoton a wani tsumma, ta sa a ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka. Ta kama hannuwana biyu ta riƙe na ɗan lokaci, ta sa mini albarka da Fillanci, ban ji rabinta ba. Iya ta raka ta har bakin zaure, ni na tsaya a madafa jikin bango.

Yaya yana zaune a kan tabarma, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Dattijuwar nan da ta yi tafiyar kwana uku, da wata tafiyar kwana uku a gabanta, ta sauke ƙwarya, ta durƙusa, ta gaishe shi kamar yadda ake yi wa babban gida. Ta ce, "Malam, mun gode da ɗawainiya. Allah ya saka."

Ya gyara alƙalamin da ke aljihunsa, ya ce, "Ba komai. Ai aikinmu ne."

Da kunnena na ji shi.